Audugar Goshi

A gidan Shiomi, Iwao ne ke sa fuskar itace ta wasa, Sadaji ne ke ɗaura masa ita. Haka mahaifinsu ya raba aikin kafin ya mutu, haka kuma aka tafi har su biyun suka yi furfura.

Manoman shinkafa ne, kamar kowa a wannan gefen na tsibirin Sado. Amma duk shekara idan an gama dashe, ana share tsohon dandamalin da ke gaban ɗakin bauta a yi wasan Noh, tsohon wasan gargajiya na rawa da waƙa. Budurwar Marmaro, wadda ke fitowa ta yi rawa don kada ruwa ya yanke wa gonaki, ta gidan Shiomi ce, kuma babban ɗa ke yin ta. Ƙanen yana zama can baya a jikin bango cikin baƙaƙen kaya. Idan gefen riga ya naɗe, ya matso ya miƙe shi. Idan mafici ya faɗi, ya ɗauke. Idan kuma mai rawar da kansa ya faɗi, na baya ya tashi ya ɗora daga kalmar da aka tsaya, ba fuska, ba ado, domin wasan ba ya tsayawa don mutum. Saboda haka dole ya san kowane taku da kowace waƙa kamar mai yin su. Sadaji ya sani. Bai taɓa samun dalilin tashi ba.

Ana gobe biki suna ɗakin ajiya suna fitar da kaya. Iwao ya aiki 'yarsa Fusae ta kawo shayi, ya jira har ƙarar takalmanta na katako ta yi nisa.

"Gobe ka ƙara mini auduga a goshi," ya ce.

"Akwai auduga a goshi."

"Na ce ka ƙara. Kamar kaurin yatsa."

Sadaji ya ajiye rigar da ke hannunsa. Ya san abin da ake nufi. Ramukan idon fuskar itacen ba su kai ƙwayar wake ba. Wanda ya sa ta ba ya ganin ƙafarsa, ba ya ganin gefensa. Ginshiƙin da ke kusurwar gaba kawai yake nema da ido, shi ke gaya masa inda dandamali ya ƙare. Iwao ya daina ganin ginshiƙin. Yanar ido ta kama shi tun bara waccan, duk gidan an sani, ba wanda ya faɗa. Abin da ke kusa da shi ne kawai yake ɗan rarrabewa. Idan aka cusa auduga a bayan goshin, fuskar za ta sunkuya, ramukan su kalli ƙasa, ya iya bambanta baƙin katako da farar tsakuwar da aka zuba a ƙarƙashin dandamalin.

Sai dai fuskar ba ta ɗaukar haka. Wanda ya sassaƙa ta ya yi ta ne yadda idan an ɗaga ta kaɗan za ta yi murmushi, idan an sunkuyar da ita kaɗan za ta yi kuka.

"Za ta yi kuka daga shigarta har fitarta, Yaya."

"Ta yi."

"Rawar albarka ce."

"Kai za ka gaya mini ko rawar mece ce?"

"Bara ka yi ta kana sunkuyar da kai. Mutane sun gani."

"Mutane giyar shinkafa suka gani. Rabinsu barci suke yi."

Sadaji ya ce, "Bar ni in yi ta bana."

Iwao ya juyo wajen muryar, idonsa ya sauka a bango kusa da kunnen ƙanensa. "Da wannan wuyan naka? Budurwa ce fa, Sadaji, ba bijimin huɗa ba."

"Na san ta."

"Bayanta ka sani. Shi kake kallo tun kana da gashi a ka." Ya laluba akwatin da ke gabansa ya rufe. "Ranar da na mutu ka sa ta ka kwana da ita in ka ga dama. Gobe dai ka ƙara audugar."

Fusae ta dawo da shayin. Iwao ya miƙa hannu, ta yi sauri ta sa masa kofin a tafi kafin hannun ya kai inda babu komai.

Da safe bayan dandamali ya cika da maza. Kihei mai ganga, sa'ar Iwao, yana tsugune gaban kaskon gawayi yana gasa fatar gangarsa don ta yi tauri.

"Sadaji, bana ma makoki za mu yi wa kiɗa?"

"Ka ji da fatarka, tana ƙonewa."

"Tambaya na yi. In makoki ne in sassauta hannu. Matata ta ce tun da yarinyar nan ta yi kuka bara, shinkafarmu ta fito rabi ƙaiƙayi."

"Ta fito ƙaiƙayi ne don kai ka noma ta."

'Yan amshi suka yi dariya. Kihei ma ya yi, sannan ya juya fatar ya rage murya. "Ba duka ne wasa ba. Mutanen ƙauyen gangare sun zo da yawa, har da waɗanda suka san abin. In suka sake ganin irin na bara, za su koma su ce gidan Shiomi ya ƙare."

Sadaji ya miƙe. Ya ɗauki akwatin fuskar ya koma lungu, ya zauna ya ba su baya.

Farin fuskar ya tsufa ya koma kalar madara. Bakinta a ɗan buɗe yake. Cikinta kuwa baƙi ne wuluk, guminsu ne, na mahaifinsu da kakansu da waɗanda ba a tuna sunansu. Ya naɗe auduga a takarda, mai kauri kamar yadda aka ce, ya shafa mata ƙullun shinkafa ya manna a goshi. Ya miƙa hannu ya riƙe fuskar daidai yadda za ta zauna a kan wansa, ya duba. Inuwa ta sauka a ƙarƙashin idanunta. Mace ce da aka dawo da ita daga binne ɗa.

Ya ɓanɓare audugar, ya manna siririyar da aka saba.

Lissafinsa ba shi da wuya. A ɗakin madubi, inda mai rawa ke zama kafin ya fita, Iwao zai sa ta, zai ji bambancin nan take. Ba mai hankalin da zai fita kan dandamali bai ga komai ba. Ko dai ya buɗe baki a gaban mutane ya nemi ƙari, kowa ya ji dalili, ko ya cire ta ya ce bana Sadaji ne. Kowanne ya zaɓa, maganar da aka daɗe ana kewayewa ta fito. Mai kaurin ya sa ta a hannun rigarsa, don ya ce wa kansa bai rufe kowace ƙofa ba.

Fusae ta leƙo ta ƙofar baya da dunƙulen shinkafa a ganye. Mata ba sa wuce nan. Tun da yaƙi ya ci mijinta ta dawo gida, ita ce idon tsohon.

"Baffa, Baba ya yi maka magana?"

"Ya yi."

"Ka yi abin da ya ce?"

"Je ki nemi wurin zama tun bai cika ba."

Ta tsaya tana kallonsa. Ya karɓi ganyen ya ja ƙofar.

Mutum biyu suka sa wa Iwao kaya. Rigar ciki mai auduga tukuna, don ƙashin tsufa ya ɓuya, sannan farar rigar siliki, sannan babbar mai zaren zinariya wadda nauyinta ya kai na ƙaramin yaro. Suka ja ɗamara har ya yi nishi. Sadaji ya ɗinke wuyan rigar da allura a jikinsa, ya ɗora masa gashin ya taje ya ɗaure. Ba a magana da mai rawa daga nan.

Suka shiga ɗakin madubi suka zaunar da shi. Makaɗa suna gefe a durƙushe, 'yan amshi suna bakin ƙofa, mai kula da ɗakin bauta yana tsaye da farar rigarsa. Sadaji ya miƙa fuskar da hannu biyu. Iwao ya karɓa, ya ɗaga ta daidai goshinsa ya rusuna mata, ya juya ta ya kifa a fuskarsa.

Ya tsaya haka.

Sadaji yana bayansa riƙe da igiyoyin biyu. Ya ga wuyan wansa ya ƙage. Ya ga yatsunsa sun ɗan motsa fuskar sama, sun dawo da ita ƙasa, suna neman abin da babu. A madubi budurwar tana kallon ɗakin da haske a kumatunta, yadda ba a gan ta ba tun da daɗewa. Wani daga cikin 'yan amshi ya ja numfashi.

"Ta zauna?" Sadaji ya yi tambayar da ake yi kowace shekara.

Shirun ya yi tsawo har Kihei ya ɗago kai. Da Sadaji ya ce bari ya duba audugar, da ba wanda zai kawo komai a ransa, gyara ne irin na kullum. Maganar ta zo masa har baki. Ya riƙe ta, yana jira.

"Ɗaure," in ji Iwao.

"Yaya."

"Hannunka ya mutu ne? Ɗaure."

Mai sarewa ya riga ya fara gwada busa. Sadaji ya ɗaure.

Aka ɗaga labule, Iwao ya hau doguwar gadar da ke kaiwa dandamali. Gadar tana da makari a gefe, ba abin tsoro a nan. Sadaji ya zagaya ta ƙaramar ƙofa ya zauna a wurinsa na baya.

Daga nan ba ya ganin fuskar, fuskokin masu kallo yake gani. Suna zaune a tabarmi ƙarƙashin itatuwa da kwanukan abinci a cinya. Ya ga tauna ta tsaya. Ya ga wata tsohuwa ta haɗa tafukanta. Mutanen ƙauyen gangare, waɗanda suka zo neman abin faɗa, sun miƙe wuya.

Iwao ya yi waƙar shiga da muryarsa mai kauri, bai yi rawar murya ba. Ya zame ƙafa a kan katako, diddige a ƙasa, yatsu su ɗaga su sauka. Ya je gaba ya tsaya inda ya kamata. Ya juya ya dawo tsakiya. Ƙafafunsa sun san katakon nan tun yana yaro, sun san wanda ya ɗan lotsa da wanda ke ƙara. Sadaji ya ji kafaɗunsa sun fara saki. Ya ce a ransa wataƙila tsohon tsoro ne kawai ya kama shi, wataƙila bai taɓa bukatar audugar ba.

Aka shiga doguwar rawa, wadda ba waƙa, sai sarewa da ganguna. A cikinta akwai juyi mai faɗi, hannu a buɗe, mafici a sama, sannan a miƙe zuwa kusurwar gaba. Iwao ya yi juyin, ya fito daga cikinsa a ɗan karkace. Kaɗan ne, mai kallo ba zai lura ba. Mai ganin ginshiƙi zai gyara a taku na gaba ba tare da ya sani ba. Iwao ya miƙe a kan karkacewar.

Sadaji ya gani. Yana da izinin tashi ya je kamar zai gyara gefen riga, ya taɓa shi ya juyo da shi. Amma yin haka a tsakiyar rawa, riga ba ta naɗe ba, daidai yake da ya tsaya ya sanar wa ƙauye biyu. Ya ce a ransa Iwao zai gyara da kansa. Ya bar shi ya ƙara taku. Ya dafa ƙasa zai tashi.

Farar safar ƙafar Iwao ta zame, yatsun suka ɗaga, babu katako a ƙarƙashinsu.

Faɗuwar ba ta yi ƙara sosai ba, silikin ya shanye ta. Tsakuwa ce ta watse. Wata mace ta yi ihu, aka ce mata ta yi shiru. Kihei ya saki kiran da ake yi kafin bugu, ya buga a kan lokaci. Sarewa ba ta yanke ba.

Sadaji ya tashi. Ya zare maficinsa daga ɗamara ya buɗe, ya zame zuwa inda ya kamata budurwar ta kasance, ya ɗora.

Wanda ya fito ba fuska dole ya mai da tasa kamar ta itace, ba ƙifta ido da yawa, ba kallon kowa. Amma shi idonsa a buɗe yake, yana ganin komai. Duk lokacin da rawar ta kai shi gaba sai ya ga tulin zinariya a kan tsakuwa, ƙafa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Maza biyu sun durƙusa a kansa. Fuskar suka fara kwancewa, ɗaya ya duba ta a rana, ya naɗe ta a ƙyalle ya tafi da ita, sannan aka koma kan mutumin. Fusae ta keto cikin mutane a guje ba takalmi. Rawar ta juyar da Sadaji baya. Da ta sake kawo shi, an ciro ƙyauren ƙofa ana ɗora Iwao a kai, bakinsa a buɗe, ba sauti, domin ko a haka ya san ana wasa.

'Yan amshi suka ɗauki waƙar ƙarshe, ta ruwa da ke sauka daga dutse ya bi gona gona. Sadaji ya karɓi layinsa ya mayar musu. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Jikinsa, wanda ya daɗe yana jiran wannan, ya ji daɗin rawar, bai kuma nemi izininsa ba. Ya buga ƙafa bugun rufewa, ya naɗe maficin, ya bi gadar a hankali kamar yadda ake fita.

Ya koma bayan labule. Kihei yana kwance igiyar gangarsa. Sai can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ta yi haske yau, kafin abin."

Ƙashin ƙugu ne ya karye, da wani abu a gadon baya. Aka kai shi asibitin gari a bayan motar ɗaukar kifi. Ya dawo lokacin da shinkafa ta fara fitar da kai, a kwance, kuma likita ya gaya wa Fusae kada ta sa ran ganin ya tsaya. Fuskar kuwa ɗan ƙarcewa ta yi a haɓa.

Ranar da aka dawo da shi Sadaji ya je gidan. Iwao yana kan shimfiɗa a tsakar ɗaki, ya ragu kamar an wanke shi ya shige. Fusae tana durƙushe a gefensa. Ba ta kawo shayi ba.

"Baffa, ina so in tambaye ka a gabansa. Ka ƙara audugar?"

Sadaji ya buɗe baki.

"Ni na ce ya bar ta yadda take," in ji Iwao, yana kallon rufi.

"Baba, ai da kanka ka gaya mini..."

"Na sake shawara da safe. Sai na nemi izininki?"

Fusae ta dubi mahaifinta, ta dubi baffanta. Ta daɗe a kan na biyun. Sannan ta gyara bargon da bai bukaci gyara ba.

"To," ta ce. "Ni ba na iya ɗaga shi. Jiya a asibiti mu biyu muka gwada da wata ma'aikaciya, ya kusa kuɓuce mana. Akwai bayan gida, akwai wanka. Ba zan kira maƙwabta su ga tsiraicinsa ba."

"Zan riƙa zuwa."

"Safe da yamma."

"Safe da yamma."

Haka aka yi. Aka yi girbi, shinkafar ba ta fi ta bara ba, ba ta kuma kasa ta ba. Sanyi ya shigo daga teku. Kowace safiya Sadaji yana zuwa kafin ya tafi gona, ya durƙusa ya ba da baya, Fusae ta ɗora masa tsohon, ta ɗaure su tare da ɗamara. Ba su taɓa komawa kan maganar ba. Sau da yawa Sadaji ya shirya abin da zai faɗa a hanya, ya zo ya tarar ba wurin sa shi. Iwao bai zage shi ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya daina kiran sunansa ne kawai.

Wata safiya dusar ƙanƙara ta rufe tsakar gida. Sadaji ya goyo shi ya nufi ɗakin wanka ta barandar katako, yana taka-tsantsan don santsi. Haɓar Iwao tana kan kafaɗarsa, numfashinsa mai warin magani yana dukan kunnensa.

"Kana jefa ƙafa," in ji tsohon.

Sadaji ya tsaya.

"Ina jin ta a haƙarƙarina. Kowane taku sai ka girgiza ni. In haka za ka yi rawar baɗi, gara a ba Kihei ya yi. Saukar da ƙugu."

Sadaji ya saukar.

"Ƙara. Diddige kada ya bar katako. Tafi."

Ya zame ƙafar dama, sannan ta hagu. Katakon yana da sanyi kamar ƙarfe. Suka kai ƙofar ɗakin wankan, inda Fusae ke tsaye da tawul, tururi yana fita a bayanta.

"Ruwan zai huce," ta ce.

"Ya huce," in ji Iwao. "Koma farko."

Sadaji ya juya da shi a hankali, suka koma.